Jar Mota Mai Kujera Biyu

Mai kemis ya ɗora tafin hannunsa a kan bonet, ya ji sanyi ƙalau, ya yi murmushi. Dabarar yayansa makanike ce: in mai mota ya ce ka zo da la'asar, to ka faɗo masa da hantsi, kafin ya ɗumama injin ya ɓoye maka ciwonsa. Shi ya sa ya rufe kanti ya taho bai gaya wa kowa ba, balle matarsa, wadda ta riga ta yanke hukunci cewa mai tumbi da 'ya'ya ba abin da zai yi da motar tsere sai neman suna.

Motar kuwa ta isa a yi rashin hankali a kanta. Ja ce, ta lafe a ƙasa kamar kyanwa. Ta girmi babban ɗansa, amma fentinta har yanzu yana ɗaukar ido.

Wanda ya tarar a garejin wani dogon saurayi ne, makulli a hannu, ƙofar direba a buɗe.

"Motar na zo gani," in ji mai kemis. "Da Baba muka yi magana a waya jiya."

"Ya fita. Ni ɗansa ne. Ka dawo anjima."

"Haba ɗan'uwa, ai mai nema ba ya komawa daga bakin ƙofa. Yanzu zan gama."

Dogon ya dubi titi. Wata maƙwabciya tana shanya a saman bene, ta tsaya tana kallonsu. Ya ce masa ya shigo, sannan ya jawo ƙofar garejin ta sauko har gwiwa, wai saboda ƙara.

Sai da suka yi ta lalube kafin mai kemis da kansa ya gano inda ake buɗe bonet. Yaran yanzu, ya ce a ransa, sun iya hawan motar uba, ba su san cikinta ba. Ya zaro sandar gwajin mai, ya murza baƙin man da yatsu: garau, ba kauri irin na wanda aka zuba don toshe bakin injin. Murfin lagireto ba kumfa. Ko ɗigo babu a ƙasan motar, sai takalmi ƙafa ɗaya da ya shige kusa da tayar baya.

Ya karɓi makulli ya shiga don ya tayar. Kujerar an matso da ita gaba sosai, tumbinsa ya tokari sitiyari. Ya ture wata sandar dogarawa da ke kujerar gefe, ya murza makulli. Bugu ɗaya ta tashi.

A nan ya ji wata ƙwanƙwasa. Ƙwan, ƙwan. Ta yi shiru, ta sake.

Ya san injin da ke wannan kuka ya kusa bugawa. Ya fito ya ɗauki dogon sukundireba ya kafa bakinsa a kan injin, ya sa ƙotar a kunne yadda yayansa ya koya masa. Sama lafiya. Ya sauko ƙasa, nan ma lafiya. Abin da ya fi ɗaure masa kai, ƙwanƙwasar ba ta bin numfashin injin, lokacinta daban take yi.

"Ƙara mata wuta," in ji dogon daga baya. "Haka take in ta kwana."

Mai kemis ya ɗago. Saurayin ya hau bayan motar ya zauna daram a kan but, gumi ya jiƙe masa wuyan riga. A cinyarsa akwai sifanar kwance taya, wadda ɗazu tana rataye a bango. Ƙofar garejin kuma ta kai ƙasa, bai ma ji saukarta ba.

Tsoro ya kama shi. Ya tuna labaran masu tallar mota don su jawo mutum lungu. Ya tuna ba wanda ya san yana nan. Matarsa tana can tana zaton yana ƙirga wa mutane ƙwayoyin zazzaɓi.

"Ni fa hannu biyu na zo, ba kuɗi," ya ce. "Gani kawai."

"Na ce ka ƙara mata wuta."

Ya koma ciki ya taka totur. Garejin ya ɗauki ruri, hayaƙin salansa ya fara yi masa yaji a ido. Ta madubi yana ganin dogon ya sauko daga kan but, ya fara zagayowa a hankali ta gefen direba, sifana na lilo a hannunsa. Tsakaninsa da ƙofa akwai tsawon mota guda da mutum guda.

Ya yanke shawara. Zai kashe ta, ya miƙa makulli da hannu bibbiyu, ya yaba motar, ya ce injin ne ya fi ƙarfin aljihunsa, ya roƙi a buɗe masa ƙofa. Ko da rarrafe ne zai fita. Can su ƙarata da motarsu.

"Kar ka kashe," in ji dogon, a hankali, daf da tagar.

Amma hannun mai kemis ya riga ya juya makullin. Injin ya yi tari ya mutu. Garejin ya yi tsit.

Ƙwan, ƙwan.

Daga cikin but ne, kuma a bayanta wata murya ta biyo a shaƙe tana salati, muryar tsohon da ya yi masa kwatancen gidan jiya.