Inda Jan Ɗigon Ya Tsaya

"Ba zama na zo yi ba," ta ce wa mai kula da na'urorin kulob ɗin. "Kun liƙa wa ɗana ƙarfe a gadon baya, wai yana auna gajiyarsa. Ƙarfe ya ce da sauransa, kuka bar shi yana gudu har ya faɗi. Ni da na goya shi, wa ya tambaye ni?"

Daga ƙauye ta taso har Durban da reshen magarya a hannu. A al'adarsu, wanda ya mutu a nesa, sai an je daidai inda ya faɗi an kira ruhinsa cikin reshe, an kai shi gida. Amma an sake ciyawar filin ƙwallon. Koci ya nuna nan, 'yan wasa suka nuna can.

"Mama," in ji mutumin, "na'urar ba ta manta ba."

Ya juyo mata da kwamfutar. Wani jan ɗigo yana gudu, yana yanke hagu yadda ɗanta yake zille mata in ta ɗauko tsintsiya. Can kusa da kusurwa ya tsaya.

"Mai da shi baya," ta ce. Ɗigon ya sake gudu. Ta sa aka yi ta maimaitawa.

Sannan ta je kusurwar ta durƙusa, ta ja reshen a ciyawa. "Tashi, yarona, gudun ya isa. Mu je gida."

Shugaban kulob, wanda ta rantse sai ta wanke shi tas, ya tare ta a ƙofa. Mai ɗauke da reshe ba ya tanka wa kowa sai ya isa gida. Ta raɓa shi ta wuce, tana raɗa wa reshen hanya.