Itacen Watan Marka

Kin ce tanadi sai mai hali. To, zauna ki ji wannan.

An yi wata mata mai saƙar faifai a wani ƙauye da ke bayan rafi. Mijinta ya rasu ya bar mata ɗaki biyu, da akuya, da 'ya ɗaya tilo. Da kaka ta aurar da 'yar zuwa wani gari a ƙetaren rafin. Sanyi na ƙarewa sai wata mai tallan daddawa daga can ta raɗa mata cewa amarya ta daina shan fura, ko ƙanshin miya ba ta so. Matar ta ci gaba da saƙarta. Amma a ƙarƙashin faifan yatsunta na ƙirga watanni, ƙirgen kuwa ya faɗa tsakiyar marka, lokacin da rumbu ke ƙarewa, rafi ya cika ya raba ƙauyen da kasuwa, kome ya yi tsada, itace ya jiƙe sharkaf. Haihuwar fari kuwa gida ake zuwa yi. Wankan jego safe da yamma har arba'in, da kunun kanwa, da tuwo mai zafi, duk a wuyan uwa suke. Idan wuta ta mutu a gidan, ba sanyi kaɗai zai kama yarinyar ba. Dangin miji za su koma da labarin, a yi ta goranta mata har ta yi jika.

Ranar kasuwa ta ja akuyar ta sayar. Ta auno gero tun yana araha, ta ƙara shanya shi a rana. Wake ta cakuɗa shi da toka, ta ɗura a tulu, ta liƙe bakin da laka don kada ƙwari su shiga. Ta sayi kanwa, da citta, da kanumfari da masoro na yaji, da kuka da busasshiyar kuɓewa. Abin da ya rage duk ta zuba shi a itace, kirya da marke masu riƙe wuta. Ta jera duwatsu a ɗakin marigayi, ta yi ta ɗora itacen a kai. In ta sayar da faifai ta ƙaro, in ta je daji ta ƙaro, har ya kusa taɓa rufi.

Maƙwabciyarta ta leƙo ta katanga ta riƙe haɓa. "Wai ni Yaya, yaƙi aka ce miki za a yi? Mutane na sayen akuya ta haihu, ke kin sayar da taki kin sayi toka! Ai Allah ne mai ciyarwa."

Ta ce, "Shi ne kuwa. Shi ya sa ya turo mana kaka kafin marka."

Iyakar abin da ta iya faɗa ke nan. Yarinyar 'yar fari ce, ko sunanta ba ta kira saboda alkunya, balle ta buɗe baki ta yi zancen cikinta. Matan unguwa suka laƙaba mata Uwar Toka. Tana ji a bakin rijiya, ta ɗauki tulunta ta wuce.

Marka ta zo da ƙarfinta a shekarar. An kawo yarinyar gida ke nan rafi ya cika ya tumbatsa, motocin kasuwa suka daina shigowa. Gero ya yi tashin gwauron zabi, kanwa ta ɓace, mata suka yi ta hura ɗanyen kara idanunsu na hawaye. Ana cikin haka yarinyar ta sauka lafiya, aka samu namiji. Tun daga ranar, kowace asuba bayan salla, matar kan shiga ɗakin marigayi ta yi bismilla ta ɗebo itace busasshe ƙayau. Kafin gari ya waye ruwan wanka ya tafasa, kunu na tururi.

Ranar suna uwar mijin yarinyar ta haye rafin a kwalekwale, da ɗan ƙullin gero da kanwa a hannu, don ta sa a ranta rashi za ta tarar. Ta shiga ɗaki ta taɓa jikin surukarta, ta ji shi ɗumi. Aka miƙo mata kunu ta kurɓa, yaji ya ratsa ta har kunne. Ta fito ta leƙa ɗakin itace, ta ga ko rabi ba a ci ba. Sai ta tura ƙullinta ƙarƙashin mayafi, ta dubi matan da suka rako ta ta ce, "Ku shaida, wannan yarinya daga gida ta fito."

Matar tana durƙushe a bakin murhu, ba ta ɗago ba. Ta dai gyara bakin itace, wuta ta ƙara haske a fuskarta.

Da baƙi suka watse, sai ga maƙwabciya da kasko a hannu, tana sosa ƙeya, gidanta ya kwana ba hayaƙi. Ta ce, "Uwar Toka, a sam mana tokar mana." Suka yi dariya su duka biyun. Matar ta cika mata kaskon da garwashi, ta ɗora mata ƙullin itace da mudun gero, ba ta haɗa da gori ba.

Kin ga dai ba dukiya gare ta ba, akuya ɗaya ce da ƙirgen wata. Shi ya sa magabata suka ce, ba a fafe gora ranar tafiya.