Turken Gidan Baba Ilu

Tun da teku ya cinye rabin Legas, doka ta ce kowane gida sai an kafa masa turken ƙarfe a tsakar gida. Ranar da turke ya nutse har jan layin da aka shata a jikinsa, ranar za a kwashe mutanen gidan.

Na Baba Ilu ya taɓa layin ranar Talata. Kafin hantsi mata sun ɗaure kaya. Shi kuwa ya zauna riƙe da carbi, yana tunanin komawa Gumel hannu rabbana bayan shekara arba'in.

Injiniya Uwani ta iso daga ofishin awon ƙasa. Ta zagaya bango, ba ta ga tsaga ba. Ta damƙi ƙasar gindin turken, ta ji ta caɓe, sai ta hangi butoci a jere.

"Baba, a nan kuke alwala?"

"To a ina, 'yata? Shi muke dafawa mu wanke ƙafa."

"Ku nawa?"

"Da 'yan haya, mu goma sha tara."

Uwani ta yi dariya har da riƙe ciki. "Gidanka lafiya lau, Baba. Ku kuka jiƙa turken, kuka danna shi ƙasa."

Guɗa ta tashi, aka shiga kwance kaya. Baba Ilu da kansa ya haƙa ramin sabon turke, nesa da butoci. Bai kai tsawon hannu ba ruwa ya ɓulɓulo. Ya ɗanɗana, ya ji gishirin teku. Ya dubi Uwani, ta kawar da kai.

"Alhamdu lillahi," ya ce. "Bana dai muna nan."