Jar Fitila a Gurbi na Uku

Jar fitilar nan ta sake kamawa, wannan karon a gurbi na uku.

Tauƙir ya zauna yana kallon akwatin ajiyar bidiyonsa. Baƙin ƙarfe ne, bai fi tukunyar shinkafa girma ba. Gurabe huɗu ne a gaba, kowanne da faifan ajiyarsa da 'yar fitilarsa, sai fanka ɗaya a baya mai fitar da zafi. Duk bidiyon bikin auren da ya ɗauka a birnin Multan yana ciki. Faifai biyu sun riga sun mutu a bazarar nan, ga na uku. Ya gaji, wallahi ya gaji.

Mai gyaran da ya kira ya juya akwatin, ya leƙa fankar. "Lafiyarta ƙalau. Ni ban ma taɓa ganin akwati mai tsabta haka a garin nan ba. Amma dahuwa yake yi, maigida. Wani ne ke hana shi shan iska."

Wani? Shagon a ƙasan gidansu yake, kuma mutum biyu ne ke da makullin ƙofar titi: shi da Ramiz, abokin sana'arsa tun suna yawo da kyamara ɗaya a kan babur. Abin ba ya faruwa sai ranar da suka fita aiki. Ramiz kuwa ya ɗauki wata sabuwar ɗabi'a, ana tsakiyar biki sai ya sulale, wai ya manta batir. Kwanan baya ma an ji shi yana tambayar kuɗin hayar shago.

Da la'asar Tauƙir ya tare shi. "In kana son buɗe naka, buɗe mana. Sai ka kashe nawa tukuna?"

Ramiz ya dube shi. "Ni, ɗan'uwa?" Ya ajiye makullin a kan tebur, ya fita ko sallama babu.

Ammi, mahaifiyar Tauƙir, ta sauko da shayi ta matakalar cikin gida. "Ina ɗan nawa Ramiz ya nufa, ga kofinsa?"

"Ya tafi ke nan, Ammi. Don Allah kada ki taɓa komai a nan, na sha gaya miki."

"Ni me zan taɓa?"

Washegari ya sa sabon faifai, ya bar akwatin yana ta aikinsa, ya goya kayansa ya tafi biki shi kaɗai.

Ƙarar babur ɗin na ɓacewa Ammi ta sauko. Firjinta da riga, talabijin da riga, amma abin da yaron nan ya fi ji da shi a duniya an bar shi tsirara! Ta warware rigar karammiskin da ta ɗinka wa akwatin da auduga a ciki, ta zura masa kamar kullum, ta ja zif ɗin baya, ta rufe har fankar ruf, ta koma sama ta kasa kunne don ta cire kafin ya dawo ya yi mata faɗa.