Rigar Hansatu

Tun da aka kafa ƙofa mai magana a makarantar aka ajiye bulala. Wani zare ƙofar ke karantawa a wuyan riga, ta kira sunan mai rigar. Kowa ya ce adalci ya zo, ƙofa ba ta san ɗan kowa ba.

Larai kuwa rigar yayarta Hansatu ta gada, wadda zazzaɓi ya ɗauke da damina. Kullum ƙofa sai ta ce Larai ba ta zo ba, kullum sai a sa ta shara cikin rana. Da abin ya yi yawa, aka kira uwarta.

"Doka ɗaya ce ga kowa, Maman Larai," in ji shugabar makarantar. "A tsinke zaren nan, a ɗinka nata."

Inna ta ce to. Suka juya, Larai na gaba.

"A sauka lafiya, Hansatu," in ji ƙofar.

Inna ta tsaya cak. Tun ranar sadakar arba'in ba wanda ya ƙara kiran sunan nan a gida.

"Larai," ta ce, "koma ki sake wucewa."

Larai ta dubi tsintsiyar da ke jiranta a jikin bango. Ta koma.