Tsinin Shinkafa

"A'a, Pak Sugeng. Yau ba zan karɓa ba."

Ban taɓa ƙin taya kowa buga takardu ba a ofishinmu na Surabaya sai ranar. Tsohon, da muke ce wa Pak don girmamawa, ya kwashi takardunsa ya koma. Daga nan na daina karɓar na kowa. Wuyana ya daina ciwo, amma babu wanda ya sake tsayawa a teburina.

Ranar zagayowar haihuwata na kawo tumpeng, tulin dafaffiyar shinkafa mai tsini a sama, kamar yadda aka saba. Na yanke tsinin shinkafar, wanda ake miƙa wa wanda ya fi kusa da kai, na rasa wanda zan ba. Kowa ya ɗibi nasa ya koma kujerarsa.

Sai ga Pak Sugeng rungume da takardu.

"Pak, ai na faɗa maka."

"Na gama su tun safe, Mbak Wulan. Na fi ki saurin bugawa."

"To me ya sa kullum kake kawo min?"

Ya kalli kujerar da ke gefena.

"Tun da matata ta rasu, ke kaɗai ce ke ce min in zauna."