Hoton Ummulkhair

Ranar da aka share makoki, Zakiyya ta zauna a bakin gado tana ƙoƙarin tuno ko a kuncin dama 'yarta take da ɗan baƙin tabon nan ko a na hagu. Ta kasa. Nan hankalinta ya tashi. Wata huɗu Ummulkhair ta yi a duniya zazzaɓi ya ɗauke ta, ga shi tun ba a je ko'ina ba fuskarta ta fara kuɓuce wa uwarta.

Hotunan yarinyar duk suna cikin wayar Zakiyya, wayar kuwa ta faɗa randa tun kafin ciwon. Mai gyara a kasuwar Gumel ya juya ta ya juya, ya ce babu abin da zai fita daga cikinta. Mijinta ƙaramar waya gare shi mai tocila. Sai ta tuna da mahaifinta.

Malam Mu'azu dillalin dabbobi ne, kowace Alhamis yana kasuwar Maigatari, kuma sunansa ya yi nisa wajen sanin dabba da kallo ɗaya. Da wannan sunan yake ci da iyalinsa. Mutumin da a da ko saƙo ba ya buɗewa, tun da ɗansa Mannir ya aiko masa da babbar waya daga Kano ya zama abin tsokana. Rago za a saya, sai ya buɗe masa baki ya kara waya a haƙora. Abokan dillancinsa suka sa masa Mai Hoto, shi kuwa ya yi dariya ya ce zamani ne. Babur ɗinsa ma ya jingine shi, wai mai ya yi tsada, amma kuɗin caji ba su taɓa gagararsa ba.

Da Zakiyya ta je wankan jego gida Gagarawa, abin nasa ya ƙaru. Kullum da hantsi sai ya sa a miƙo masa jaririyar a tsakar gida inda haske ya fi yawa, ya ɗora ta a cinya, ya kara waya a fuskarta, ya daɗe a haka. Yana ce mata amaryarsa, wai ta fi kakarta kyau sai dai rowar murmushi. Idan aka ce ya nuna a gani, sai ya tura wayar aljihu ya ce su da suke kallonta ido da ido, me za su yi da hoto. A lokacin haushi abin yake ba Zakiyya. Yanzu kuwa duk duniya babu abin da take so kamar wayar nan.

Ta kira shi da wayar mijinta. Alkunyar 'yar fari ta ajiye ta gefe, ta roƙe shi ya turo mata hoton ko guda ɗaya a wayar maƙwabta. Ya ce wayar ba caji. Bayan kwana biyu ta sake kira, ya hau yi mata nasiha a kan haƙuri har kuɗin wayar suka ƙare. Kira na uku bai ɗauka ba.

Abin ya yi mata ciwo ƙwarai. Ta san dattawa ba sa son a riƙa duba hoton mamaci, amma ita ba kuka za ta yi a kansa ba. So take ta san wane kunci ne. Ta nemi izinin mijinta, ta hau motar Gagarawa.

Ta same shi a zaure a kan buzu, innarta ta fita unguwa. Ya ɗago yana duban ƙofa, sai da ta gaishe shi ya ce au, Zakiyya ce. Ya tambayi maigidanta, ya tambayi hanya, ya tambayi damina a Gumel. Komai ya tambaya ban da abin da ya kawo ta. Da aka kira azahar ya lalubi butarsa ya shiga ciki, ya bar wayar a kan buzu.

Ba ta taɓa taɓa kayan mahaifinta ba da izini ba, amma ranar ta ɗauka. Ta buɗe wurin hotuna. Babu jaririya, babu raguna, babu komai. Ta fita ta sake shiga, har kwandon da gogaggun hotuna suke zama ta duba. Wayam.

Da ya dawo ba ta ajiye wayar ba, ba ta kuma sunkuyar da kai ba.

“Baba, goge ta ka yi?” in ji ta. “Ita kenan ta rage min. Ko tabon fuskarta na manta inda yake.”

Malam Mu'azu ya zauna a hankali, ruwan alwala na ɗiga daga gemunsa. Ya miƙo hannu, ɗan gefe da inda take, ta sa masa wayar. Ya danna maɓallin gefe sau uku, ya kamo tafin hannunta ya ɗora wayar a sama. Zanen tafinta ya ƙara girma ya cika fuskar wayar, kowane layi kamar kunyar gona.

“A hagu yake, ƙasa da ido kaɗan,” in ji shi. “Ban taɓa ɗaukar hoto ba, Zakiyya. Tun bara idanuna suka dushe, da wannan nake ganinta.”